Jinjina ga Masu Zaɓo wa Ma'aikatan Lafiya Kayan Kariya

A manyan asibitoci akwai bayin Allah da majinyaci bai cika ganinsu ba: jami'an hana yaɗuwar cuta, masu zaɓo wa likita da nas abin da za su saka kafin su shiga wurin mara lafiya.

Aiki ne na wanda ya san makama. Tarin fuka iska ke ɗaukarsa, don haka sai takunkumin N95, a gwada shi a fuska har a tabbatar iska ba ta kurɗawa ta gefen hanci. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yana kama mai jinya ta jini da ruwan jiki. Nan sai rigar da ruwa ba ya ratsawa, safar hannu da marufin ido. Har girman safa suke dubawa: in ta yi yawa yatsa ba ya jin jijiya, in ta matse ta yage.

Su ne ke tsayawa kan nas lokacin tuɓe kaya, domin a nan hannu kan taɓa cuta. Ba don su ba, da mai ba da magani ya koma majinyaci.