Buɗa-baki Nesa da Gida: Azumin Ɗalibai a Kaduna

A gida azumi aikin iyali ne. Uwa ta dama kunun tsamiya, ƙanne su soya ƙosai, da asuba a buga wa mutum ƙofa ya tashi sahur. Ɗalibin jami'a ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai risho da 'yar tukunya. Tun da gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗaliban jami'o'i a tsakiyar shekarun 1980, kowa ya koma dogaro da abin da ya zo da shi a buhu. Wannan giɓin ne Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wato MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954, take ƙoƙarin cikewa a kowane Ramadan.

Tsarin kusan ɗaya ne a Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ana karo-karo, a bi malamai da tsofaffin ɗalibai da masu hali. Kafin magariba a shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci, a jera dabino da kunu da ruwan leda, ranar da aka samu kuma har da shinkafa. Daga nan sai asham, galibi bayan wani mahaddaci daga cikin ɗaliban, wanda mai yiwuwa gobe da ƙarfe takwas yana da jarrabawa. Tafsiri ma ba baƙo ba ne a Kaduna, garin da Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekara da shekaru yana yin nasa a Masallacin Sultan Bello, rediyo na watsawa, har rasuwarsa a 1992.

A ganina, tabarmar nan ta fi duk wata lakca da ake shiryawa tasiri. Ɗan mai kuɗi da wanda garinsa ya ƙare tun goma ta marmari hannu ɗaya suke sawa a faranti, ba mai sanin wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Rufin asiri ke nan. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da tsadar abinci da ta biyo baya, akwai ɗaliban da ba don wannan buɗa-baki ba, da sai dai su kai azumi da ruwa.

A Kaduna akwai wani ƙarin al'amari. Bayan rikicin 2000 da na 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka: Musulmi suka fi yawa a arewacinsa, Kirista a kudanci, a unguwanni irin su Sabon Tasha da Gonin Gora da ke bakin hanyar Abuja. Yaron da ya tashi a Gonin Gora zai iya kaiwa jami'a bai taɓa zama kusa da mai azumi ba; haka ɗan Tudun Wada bai san yadda Kirista ke nasu azumin ba. Ɗakin kwanan ɗalibai ne ke haɗa su. Nan ne wani zai kau da kwanonsa da rana don kara, wani kuma ya rage ƙarar karatunsa da tsakar dare. Kada a manta rikicin Kafanchan na 1987 a Kwalejin Ilimi ya fara, tsakanin ɗalibai. Wurin da zai iya kunna wuta zai iya kashe ta, amma ba kasafai ake gayyatar abokin ɗaki Kirista shan ruwa ba, alhali addini bai hana ba.

Inda al'adar ta fi rauni shi ne ɓangaren mata. Rabo a masallaci ake yi, su kuwa da yawansu suna ɗaki suna fama da girki, sai abin da ya ragu ya isa gare su. Mazauna hayar waje ma ba a cika tunawa da su ba. Sahur kuwa, wanda ya fi wahalar da ɗalibi, kusan ba ya cikin lissafi, yayin da ake kashe kuɗi wajen allunan talla da ɗauko babban malami daga nesa.

Amirai da amirorin MSS, kafin a ga watan baɗi ku ware kason mata tun daga tukunya, ku sa sahur a kasafi, sannan bayan salla ku manna lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a ƙofar masallaci.