Yawan Ƙulli Ba Shi Ne Kyan Darduma Ba

Masu rubutu a kan dardumar Farisa, wato ƙasar Iran ta yau, sun saba auna darajarta da yawan ƙullin da ke jikinta. A nawa ganin, wannan ma'auni ya gaza, kuma yana tauye haƙƙin masaƙa da dama.

Babbar hujjarsu ita ce Dardumar Ardabil, wadda aka kammala a shekara ta 946 bayan Hijira, daidai da 1539 zuwa 1540, a zamanin Shah Tahmasp na daular Safawiyya. Tsawonta ya haura mita 10, faɗinta mita 5, an ƙulla ulu a kan zaren siliki sau fiye da miliyan 20. Sunan Maƙsud Kashani yana saƙe a jikinta. Gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya saye ta a 1893 a kan fam 2,000. Babu mai musun kyanta. To amma mai kallo ba ya ƙirga ƙulli. Abin da ke riƙe idonsa shi ne tsarin zanen: rawayar da'ira a tsakiya, da fitilu biyu masu reto, ɗaya ta fi ɗaya girma, da rassan furanni kwance bisa shuɗi mai duhu.

Abin lura shi ne, kowane yanki da tasa saƙar. A Kashan da Isfahan ana bin zanen da gwani ya tsara a takarda, ƙulli bayan ƙulli. A Heriz, kusa da Tabriz, ƙullin manya ne, zanen mai kusurwoyi, dardumar kuwa sai ta ga jikoki. A lardin Fars, matan Ƙashƙa'i makiyaya kan shimfiɗa masaƙarsu a ƙasa, su yi saƙa da ka, da ulun tumakinsu da rinin itatuwa. In an bi ƙidaya, aikin waɗannan mata shi ne koma-baya. Alhali a 2010 hukumar UNESCO ta sanya saƙar Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun gado na duniya a tare. Hasali ma, inji yana iya cusa zare fiye da hannun makiyayiya, amma ba a haɗa darajarsu.

Saboda haka ina kira ga malamai, idan za su koyar da tarihin wannan sana'a, su fara da ingancin ulu, da rini, da tsarin zane, da mutanen da suka saƙa. Ƙidayar ƙulli ta biyo baya.