Kacici-kacici da Idon da Ke Ganin Abin Gida

A Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar 'Yankwashi, kamar sauran garuruwan masarautar Kazaure, in an idar da sallar isha aka kwashe kwanukan tuwo, yara kan taru a tabarmar kaka. Kafin a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, sai wani ya ce, "Kulin kulifita." Sauran su haɗa baki su ce, "Gauta." Shi ke nan an buɗe fage.

"Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Yaro ya yi shiru, hankalinsa ya tafi rugar Fulani, yana laluben igiyar da za ta ɗaure garke guda. Amsar kuwa ga ta nan jingine a bakin ƙofa, da ita yayarsa ta share tsakar gida da yamma. Tsintsiya ce. Daga wannan dare ba zai sake ganin tsintsiya yadda ya saba ganinta ba. Ni a wurina nan ne gishirin kacici-kacici yake: ba ya kawo wa yaro baƙon abu daga nesa, abin da ido ya saba da shi har ya daina gani shi yake ɗaukowa ya sa masa rigar baƙunta. Wasu masana na ganin sunan ma daga "cinta" ya fito, wato tsinta, shi ya sa ake jin wasu na cewa ka-cinci-ka-cinci. Ba a kuwa tsintuwa sai an duba ƙasa.

Hikimar ginin ba iri ɗaya ba ce. Wani da siffa yake wasa, kamar "Baba na ɗaka, gemu na waje", inda wuta ta zama dattijo, hayaƙi ya zama furfurarsa. Wani da sauti kaɗai: "Kurkucif kucif", kwanciyar kare, wanda ba zai faɗo wa kowa ba sai wanda ya taɓa tsayawa ya kalli kare yana kewaye wuri kafin ya naɗe jikinsa. Wani kuma ya fi ƙarfin wasan yara. "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro, fyaɗe babba" yunwa ce, kuma manomin Gwiwa ko Babura da ya ga rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina ya san zafin wannan bulala. Wanda na fi so shi ne "Rawanin baba ya faskari naɗawa." Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Daura, ya ga yadda yake ratsa duwatsun Kazaure yana warwaruwa a gabansa ba iyaka, zai yarda cewa wanda ya fara kiran hanya rawani ya daɗe yana kallonta.

Sai kuma batun ba da gari, wanda ba a cika kula da nauyinsa ba. In amsa ta gagara, ba a faɗa maka ita kyauta. Sai ka ce, "Na ba ka gari." Ka miƙa Roni, mai tambaya ya yatsina fuska ya ce ba ya so, ka ƙara da Kazaure, ya ce sai dai Daura ko Kano. Sai ya karɓa sannan ya warware. A cikin wannan ciniki yaro yana koyon sunayen garuruwa da girmansu, yana kuma koyon abin da ya fi wannan wuya: ya furta da bakinsa, a gaban tsaransa, cewa bai sani ba kuma yana son sani. Tsakanin tambaya da amsa akwai jira, jiran nan ne ke wasa ƙwaƙwalwa.

Rubutu ya adana mana adabin baka da yawa. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyi da labaran Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya kai su ajin firamare da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Alheri ne babba. Sai dai a takarda amsa na zaune kusa da tambaya, babu wanda zai ƙi karɓar garinka. Daga baya kalmar kanta ta sauya sheƙa. Yau in aka ce gasar kacici-kacici a makaranta ko a rediyo, ana nufin a tambaye ka shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa ka ce 1991. Wannan gwajin hadda ne, yana da amfaninsa, amma ba ya sa mutum ya waiwayi tsintsiya.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, a zamanin da gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure, don haka yankin nan bai makara ba wajen sanin intanet. Yanzu a teburin mai shayi ko rumfar mai cajin waya za ka tarar da matasa kowa ya sunkuyar da kai. Kacici-kacici ya bi su can. Ana tura shi a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, wani lokaci da alƙawarin katin waya ga wanda ya fara cankar amsa. Kafin ka gama karantawa mutum goma sun amsa, wasu daga Google suka kwafo. Shi kuwa TikTok kullum cikin ba da mamaki yake, amma dafaffen mamaki ne, manhaja ce ke zaɓo maka shi gwargwadon abin da ta ga ka daɗe kana kallo. Yana damuna in ga yaro ya san dogayen benayen Dubai, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa kukar bayan gidansu ke zubar da ganye da rani ba.

Ban ɗora wa wayar laifin duka ba. A cikinta nake ganin matasan da ke kai kyamara maƙera su nuna yadda ake fitar da lauje daga guntun ƙarfe, ko su zauna gaban tsohuwa mai saƙar faifai har ta gama. Waɗannan idon mai kacici-kacici gare su, sun tsinci abin gida sun ɗaga shi an gani. Abin da na daɗe ina cigiya shi ne sabon kacici-kacici a kan sababbin kaya: babur, fitilar sola, buhun taki, ita kanta wayar.

A daminar da ta wuce na kwana a gidan yayata a wani ƙauye kusa da Karkarna. Babu wuta, wayoyi duk sun mutu, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Bayan an gama da tsintsiya da hayaƙi, 'yarta mai shekara tara ta matso ta ce, "Kawu, ga nawa: da wutsiya take ci, da baki take surutu, in ta ji yunwa sai ta suma." Na zaga dabbobin dawa kaf. Na ba ta Roni, ta ƙi. Na ba ta Kazaure, ta girgiza kai. Sai da na ba ta Kano, sannan ta miƙa hannu ta zaro wayata daga aljihun rigata.