Jinjina ga Masu Hoton Makaranta

Kafin waya ta mai da kowa mai hoto, akwai bayin Allah da ke zagaya makarantun sakandaren Gaya da Ajingi a kan keke ko babur, kyamara rataye a wuya. Fim ɗin Kodak hoto 36 yake ɗauka, shi ya sa ba sa dannawa da garaje. Sai an gyara wa yaro hula, an juya shi ya fuskanci rana. Abin da malamin zane ke faɗa game da haske da inuwa, a hannunsu ɗalibai suka gan shi a aikace. Sannan masu hoton su bi ta Wudil zuwa Kano wankin fim, alhali wasu hotunan ma bashi ne. Fasfon rajistar WAEC da hoton 'yan ajin ƙarshe duk aikinsu ne.