Saƙar Hannu Don Sha'awa: Sharhi a Kan Wata Shawara

Ana yawan ba da shawarar cewa hanyar da za a bi a raya saƙar gargajiya ita ce ma'aikata da ɗalibai su riƙe ta a matsayin abin ɗebe kewa bayan an tashi aiki, kamar yadda Turawa suke yi. Shawarar tana da daɗin ji, amma a ganina ba a auna tushenta ba.

Saƙar sha'awa tana da tarihinta. A Amurka sai da injuna suka kusan shafe saƙar gida kafin Mary Meigs Atwater, wadda ta koya wa sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Farko saƙa, ta wallafa The Shuttle-Craft Book of American Hand-Weaving a 1928. Aikinta shi ne tattara tsofaffin zayyanoni a takarda, yadda mutum zai koya shi kaɗai a ɗakinsa. Wato saƙa ta rabu da ciki, ta rabu da gado.

A ƙasar Hausa kuwa ba haka al'amarin ya taso ba. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafinta suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Masaƙi mutum ɗaya ne cikin jerin masu aiki. Mata su yi gurza da shiɓa da kaɗi, a yi wadari, a saƙa sawaye, a ɗinka, sannan a kai marina, a ƙare a wurin masu bugu. Mai sha'awa da ya sayi zaren inji da masaƙar tebur ya tsallake kusan dukkansu. Zai iya fitar da ƙyalle mai kyau, amma ba zai bukaci abawa ko mazari ko kunkuru ba, kuma kalmar da aka daina bukata a wurin aiki ba ta daɗewa a baki. Wannan shi ne abin da ya kamata ya dami manazarcin harshe.

Ita kanta kalmar "saƙa" tana taimaka wa ruɗanin, domin da ita ake kiran aikin ƙoshiya da na kwarashi da na tabarma. Sau da yawa idan aka ce ana koyar da saƙa, hular jarirai ake nufi.

Duk da haka ba zan yi watsi da shawarar ɗungum ba. Masaƙar mata ta tsaye dama a cikin gida take, ana yin ta tsakanin girki da raino, don haka ta fi ta maza kusa da wannan tsari. In za a gwada, sai a fara daga nan, a ɗauko tsofaffin masaƙa su koyar a biya su, a kuma rubuta sunan kowane kayan aiki daga bakinsu tare da bambancin karin harshe.