Rangwamen da Talaka Bai Iya Kaiwa Gare Shi: Naƙadi a kan Ƙudurin Majma'ul Fiƙhi Game da Ciwon Sukari da Azumi

A zamansa na 19 da ya gudana a Sharja a shekarar 1430 bayan Hijira (2009), Majma'ul Fiƙhil Islami na ƙasa da ƙasa ya fitar da ƙuduri mai lamba 183 a kan azumin masu ciwon sukari. Ya kasa marasa lafiyar gida huɗu gwargwadon haɗarin da azumi zai jawo musu. Kashi biyu na farko ya hukunta musu ajiye azumi, biyun ƙarshe kuwa bai ba su uzuri ba.

Kyawun ƙudurin a fili yake. Bai rataya rangwame a kan sunan cutar ba, ya rataya shi a kan cutarwar da ake tsoro, kuma wannan shi ne abin da malamai suka fahimta daga aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara. Buƙatarsa ma tabbatacciya ce: binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, wanda ya shafi ƙasashe 13, ya nuna kusan kashi 43 cikin ɗari na masu nau'i na ɗaya da kashi 79 na masu nau'i na biyu sun azumci aƙalla kwana 15 na Ramadan.

Sai dai hukuncin gaba ɗayansa ya tsayu ne a kan sharaɗi guda: likita ya duba mutum ya faɗi kashin da yake ciki. Wanda ba ya da kuɗin ganin likita, ba ya da na'urar auna sukari, yake tsallake allurar insulin don ta kai shi ƙarshen wata, ta ina zai san matsayinsa? Shi ne ya fi kowa kusa da haɗari, shi ne kuma ya fi kowa nisa da fatawar. Ƙudurin ya amsa tambayar azumi, amma tambayar wa zai biya tana nan, kuma a wuyanmu take. Ƙa'idar usulu ta tabbatar da cewa duk abin da wajibi bai cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan kiyaye rai na cikin larurori biyar na shari'a, samar da gwaji da magani ga mabuƙaci ya shiga babin farilla ta kifaya.

Fiƙihunmu bai rasa mafita ba. Malikiyya sun halatta a ba fakiri zakkar da za ta ishe shi shekara, maganin da rayuwarsa ta dogara a kai kuwa yana cikin wannan isar. Abin da zakka ba ta ɗauka a wurin jumhuru saboda sharaɗin mallakawa, kamar ginin asibiti, waƙafi ya ɗauke shi. Da dukiyar waƙafi aka gudanar da asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284. Sannan fidiya a mazhabar Malik mustahabbi ce ga wanda ba zai taɓa iya ramuwa ba, don haka bai kamata a ɗora wa talaka nauyinta alhali kuɗin magani ya gagare shi ba.

Sadakarmu ta fi karkata ga rabon abinci na wata ɗaya, ciwon sukari kuwa ba ya tafiya da ganin watan Shawwal. In aka yi sakaci da shi yana kai wa ga makanta, da mutuwar ƙoda, da yanke ƙafa. Ya dace hukumomin zakka da waƙafi su ware asusu na dindindin domin masu wannan lalura, masallatai su shirya gwaji kyauta tun a Sha'aban, mai fatawa kuma ya tura mai tambaya wurin likita tare da nuna masa inda zai sami taimako. Da haka ne rangwamen zai isa ga wanda aka saukar da shi dominsa.

Allah ne Mafi sani.