In za a sayi gwanjo, a haɗa da allura

Kunyar gwanjo ta mutu, kuma ban ga abin makoki a mutuwarta ba. A da, uwa kan shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano tana waige-waige, ta zaɓo wa 'ya'yanta rigunan sanyi, ta cusa su can ƙasan jaka kada maƙwabciya ta gani. In an tambaye ta sai ta ce tsaraba ce aka kawo. Yau ɗalibar jami'a ce za ta ɗaga doguwar riga a gaban waya, ta faɗi nawa ta saya da rumfar da ta samo ta, ƙawaye su yi ta tambayar ranar da za a sake buɗe dila. Masu sayarwa ma sun baje kolinsu a Instagram da TikTok da WhatsApp, suna yanke igiyar dila mutane na kallo, kowa na rige-rigen cewa a ajiye masa wannan. Ga wasu abin ya wuce neman sauƙi, ya zama nishaɗin ƙarshen mako: a je a tona, a tsinto abin da ba kowa ke da irinsa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari ya taya turmin atamfa ko yadin shadda a wannan tsakanin ya san yadda aka ji a jika. Magidanci mai 'ya'ya shida, hunturu ya kawo kai, ba wanda zai yi masa wa'azin alfanun gwanjo. Aljihunsa ya riga ya yi masa. Da masu ɗan hali suka fara bin wannan hanya a fili, sai talakan da ya daɗe a kanta ya huta da gori. Wannan alheri ne, kuma ina maraba da shi.

Inda nake da magana shi ne, mun ɗauki rabin abin mun bar rabi. Rigar gwanjo an ɗinka ta ne domin wani jiki, a wata ƙasa, bisa wata al'ada. Da wuya ta zauna wa mai ita ta biyu daidai. Hannu ya yi tsawo, ƙugu ya yi faɗi, wuya ya buɗe fiye da yadda 'yar mutunci za ta fita da shi a unguwarmu, ko a tarar da tsaga har gwiwa, ko zif ya mutu, ko maɓalli biyu sun ɓace. Mai saye ta ga kyan yadin da arhar kuɗin, ta ce ai za a gyara. Ba a gyarawa. Rigar ta tafi ƙasan akwati ta tarar da 'yan'uwanta, mako mai zuwa a koma kasuwa a ƙaro wasu. Gidaje da yawa yanzu cike suke da buhunan tufafin da ba a taɓa sawa ba, saboda abin da ya rage tsakaninsu da jiki aikin rabin sa'a ne da zare da allura, kuma babu mai iya yin sa a gidan. Arhar da ba a mora ba asara ce, ko da kuwa naira ɗari biyar aka bayar.

Ba haka ɗakunan iyayenmu suke ba. Kusan kowace mace tana da ɗan gwangwani ko tsohuwar samira da ake tara zare launi-launi, da allurai soke a jikin ƙyalle, da maɓallan da aka ciro daga rigunan da suka gama aiki. Mai ɗan hali tana da keken Singer ko Butterfly a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da zani. Rigar yaya in ta ɗage, a rage ta a ba ƙani. Wandon makaranta in ya fashe a gwiwa, a yi masa faci ta ciki yadda sai an duba za a gane. Zanin uwa in ya koɗe ya koma na goyo, daga nan ya zama tsumman jariri, daga nan na goge ɗaki. Tufa takan yi rayuwa uku ko huɗu kafin a sallama ta. Ba wanda ya kira wannan sana'a, ba kuma wanda ya biya kuɗin koyo. Yarinya tana zaune gefen uwarta ake ce mata ta zura zare a kafar allura domin idon tsohuwa ya fara rauni, daga nan hannunta ya faɗa.

Yau ko maɓalli ne ya cire sai a aika yaro wurin tela. Shi kuwa tela, musamman daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah, ba shi da lokacin kwaskwarima, kuma ba laifinsa ba ne. Mutumin da aka jibge wa ɗinkin gidaje goma, yana fama da rashin wuta da tsadar man janareta, ba zai ajiye shadda ya rage ƙugun siket ɗin gwanjo a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai a jira telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi a bakin zaure, in Allah ya kawo su layin. Ina girmama su ƙwarai, domin su kaɗai suka riƙe gyara a matsayin aiki. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mu ba baƙin tufa ba ne. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadin audugar da ake saƙawa a rina a nan, ana kai shi har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, har gobe ana tsoma yadi a cikinsa. Garin Kura ya yi suna da baƙin rawani mai sheƙi wanda Buzaye ke nema daga can cikin Sahara. A birnin Zariya, maza da mata suna zama makonni a kan aska takwas ɗin babbar riga guda. Kuma allura ba ta taɓa zama ta mata kaɗai ba: malamai da manyan almajirai ɗinkin hula suke yi a zaure tsakanin karatu da karatu, ba wanda ya ce mazantakarsu ta ragu. Har yanzu ma muna cikin al'ummomin da yawancin mutane ke zuwa a gwada su a ɗinka musu kaya daidai jikinsu, abin da a Turai sai attajiri. Ke nan iyawar tana nan a kowane layi, cikin shaguna. Daga cikin gida ne kawai ta fita.

Akwai masu cewa bai ma kamata a yi zancen gwanjo da daɗin baki ba, tunda shi ya kashe masaƙunmu. Na san zafin da ke bayan wannan magana. Duk wanda ya ratsa Kakuri a Kaduna ya ga kangon masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ko ya tuna yadda masaƙar UNTL ta rufe ƙofa a 2007 ta sallami dubban ma'aikata, ba zai raina ta ba. Amma a yi adalci. Masaƙun nan atamfa da yadi suke yi, kuma abin da ya durƙusar da su shi ne rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da tsufan injuna, da kwararar atamfa mai arha daga Sin ta kan iyakoki. Bahaushiya ba ta zuwa gwanjo neman zanin fitar biki ko kayan lefe. Rigar sanyi take nema, da kayan yara, da bargo, da labule, da zanin gado, da jakar makaranta, wato abubuwan da telan unguwa ba ya ɗinkawa da sauƙi. Dokar Najeriya ta daɗe da haramta shigo da tufafin gwanjo, amma diloli ba su daina sauka a Kwatano suna tsallako iyaka ba, ko a lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kasuwar ba ta mutu ba, tsada kawai ta yi. Ruwanda ta gwada hanyar haraji a 2016, ta ɗaga shi daga santi 20 zuwa dala biyu da rabi a kan kowane kilo na gwanjo, Amurka kuwa ta rama a 2018 ta janye mata rangwamen shigar da tufafi na tsarin AGOA. Wannan rigimar manya ce, kuma ba uwar da ke neman suwaita ga ɗanta ce za ta biya bashinta ba.

Tsorona yana wani wajen. Abin da ke cikin dila ba irin na da ba ne. Kamfanonin da ke ɗinka kayan yayi masu arha a duniya suna fitar da riguna na zaren roba waɗanda ba a yi su domin su wuce wanki kaɗan ba, kuma su ne ke ƙarewa a cikin dilolin da ake aiko mana. Kasuwar Kantamanto da ke Accra ta ishe mu ishara. Ƙungiyar The Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari shara suke zama, su toshe magudanan ruwa su taru a bakin teku. Abin da ya hana lamarin ya fi haka muni shi ne ɗimbin teloli da masu wanki da guga da rini da ke cikin kasuwar, waɗanda ke mayar da abin da aka yasar ya zama abin sawa. Shi ya sa gobarar da ta cinye babban sashenta a farkon Janairun 2025 ta yi ciwo ƙwarai. Mu da kwatocinmu suka riga suka cika da leda, ba ma buƙatar ƙarin tsummokaran roba a ciki.

A nan ne wanda ya iya ɗinki ya sha bamban da wanda bai iya ba, tun a bakin rumfa. Wadda ta san allura ba kyan riga kawai take kallo ba. Takan murza yadin a tsakanin yatsu ta ji ko auduga ce, ta juya cikin ta duba ɗinkin, ta leƙa hammata da bakin wuya inda tufa ke fara mutuwa, ta ga ko an bar rara a kalmasa da za a iya saki. Takan ɗauki ƙatuwar rigar namiji da ba mai so saboda girmanta, domin ta hango rigunan yara biyu a jikinta. Labulen da gefensa ɗaya ya ƙone da rana, ita rigunan matashin kujera take gani. Tana sayen kaɗan, tana morar duka, kuma ba ta ɗauko wa gidanta shara.

Kada a ce yaran yanzu ba za su koya ba. Su ne fa suka koyi gashin kek a waya lokacin kullen korona na 2020, a tukunya da yashi a kan gawayi, ba tare da sun taɓa mallakar na'urar gashi ba. Gidajen da a da sai an yi hayar mai yin cincin da dubulan in za a kai gara, yanzu 'yan matan gidan ke zama su yi abinsu. Hannun da ya iya auna fulawa da bota har kek ya tashi bai ƙone ba, ba kalmasa ce za ta gagare shi ba.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da nake roƙon iyaye da ƙawaye su sassauta. Da zarar yarinya ta gasa kek ɗaya ya yi kyau, ko ta rage riga ta zauna, sai a ce maza ta buɗe shafi ta fara karɓar oda. Na san halin da ake ciki, kuma ba na raina sana'a. Mata da yawa da keken ɗinki suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Amma mai koyo tana buƙatar lokacin da za ta ɓata ƙyalle, ta farke ɗinki ta sake, ba tare da wata na tsaye a kanta tana jiran kayan biki ba. In aka tura ta kasuwa hannunta bai nuna ba, ta lalata wa mutane yadi mai tsada, a yi mata faɗa, ta tsani keken gaba ɗaya. Kuma gyaran kayan gida shi ma samu ne, ko da ba a ga kuɗi a hannu ba. Gidan da ba ya biyan kuɗin faci, ba ya sake sayen kayan makaranta duk zango, ya rage wa mai gida nauyi na gaske. Ga kuma natsuwar da ke cikin aikin kansa, wadda duk wanda ya taɓa zama bayan la'asar yana bin layin ɗinki ya san ta.

Abubuwan da za a fara da su ba su da yawa: dasa maɓalli, kalmasa, faci, rage ƙugu, sauya zif. Huɗun farko ma ba sa buƙatar keke. A koya wa 'ya'ya maza tare da mata, domin ɗan makarantar kwana da ɗan bautar ƙasa su ne suka fi kowa yawo da wando a yage. Duk abin da aka sayo a wanke shi da ruwan zafi in yadin zai jure, a shanya a rana sosai, a goge kafin ya taɓa jiki, kayan ciki kuwa ni a ganina a haƙura da na gwanjo komai arharsu.

Malaman ma ba sai an nemo su daga nesa ba. Bayan Babbar Sallah kasuwar teloli takan yi sanyi na ɗan lokaci, kekuna su yi shiru. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin unguwa za su iya ɗaukar tela ɗaya, namiji ko mace, a haɗa masa ɗan abin hasafi, ya riƙa zuwa ranar Alhamis ko Asabar. Kada a fara da yanka sabon yadi. Kowa ya zo da riga ɗaya daga cikin waɗanda ke jibge a gida, a koya masa a kanta, ya koma da ita a gyare.